Shawara: Gaggawar biyan bashin gida ta jefa iyalina cikin ƙunci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, ina da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Shekara uku da suka wuce na karɓi rancen miliyan 10 a banki na sayi gidan da muke ciki, a kan ruwan kashi 12 cikin 100 a shekara, zan biya cikin shekara 20, kuma duk wata ana cire 110,109 daga asusuna. Abin da ke shigo mana ni da uwargida bayan an cire haraji 330,000 ne a wata. Da na duba takardar banki a ƙarshen shekara ta uku, sai na ga na biya kusan miliyan 4, amma bashin bai ragu da ko rabin miliyan ba. Hankalina ya tashi, na fara ƙara 40,000 a kan biyan kowane wata, na rage kuɗin cefane, na kuma daina ɗan tanadin da muke yi. Wata huɗu ke nan. A watan jiya ƙaramin ɗanmu ya kwanta asibiti, sai da na ranci 120,000 a wani kamfanin ba da rance mai ruwan kashi 5 cikin 100 a wata. Uwargida ta ce na fifita banki a kan iyalina, yanzu da ƙyar muke magana, alhali ni dominsu nake yi. In ci gaba ne, ko in janye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko ina yi wa yaron fatan Allah Ya ƙara masa lafiya. Amsata a taƙaice ita ce ka janye ƙarin 40,000 ɗin nan daga wannan watan, ka ci gaba da biyan abin da yarjejeniya ta ɗora maka ba tare da fashi ba, sa'annan ka koma kan ƙarin daga baya, da adadin da gidanka zai iya ɗauka. Niyyarka mai kyau ce, kuma na yarda cewa domin iyalinka kake wannan ƙoƙari, sai dai ka fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe.

Bari mu fara da takardar da ta tayar maka da hankali, domin muddin ba ka fahimci abin da ke cikinta ba, za ka ci gaba da jin kamar ana cutar ka. Bisa alƙaluman da ka kawo, banki bai yi kuskure ba. Ruwan kashi 12 a shekara yana nufin kashi 1 cikin 100 a kowane wata, kuma ana lissafa shi ne a kan abin da ya rage na uwar kuɗi. A watan farko ana bin ka miliyan 10 cif, don haka ruwan watan ya kama 100,000. Daga cikin 110,109 da aka cire maka, 10,109 kacal suka taɓa ainihin bashin. A wata na biyu bashin ya ɗan ragu, ruwan ya sauka da kimanin 101, abin da ke shiga uwar kuɗi kuma ya ƙaru da wannan adadin. Haka abin yake tafiya sannu a hankali, har ya kasance bayan wata 36 ka biya kusan 3,964,000, amma kimanin 435,000 ne kawai suka fita daga bashin. Idan ka bi jadawalin yadda yake, bayan shekara 10 za a ci gaba da bin ka kusan miliyan 7.7, kuma sai cikin shekara ta 15 rabon uwar kuɗi a biyan wata zai rinjayi rabon ruwa. Jimillar abin da za ka biya a shekara 20 ta haura miliyan 26. Duk wanda ya ga waɗannan lambobi karon farko dole gabansa ya faɗi, kuma abin takaici ne yadda ake sa wa mutane hannu a irin wannan yarjejeniya ba tare da an zaunar da su an nuna masu jadawalin layi-layi ba.

To amma a cikin wannan lissafin akwai abin da zai kwantar maka da hankali, kuma shi nake so ka fi riƙewa. Na ɗauki bashin kamar yadda yake a ƙarshen shekara ta uku, saura wata 204. Idan ka ƙara 10,000 kawai a kowane wata, za ka gama cikin kimanin wata 160, wato ka rage wata 44, shekara uku da wata takwas ke nan, kuma ruwan da za ka tsira da shi ya haura miliyan 3. Idan ka mayar da ƙarin 20,000, dubu goma ta biyun za ta rage maka wata 26 ne kacal. Idan ka kai shi 40,000 kamar yadda kake yi yanzu, za ka gama cikin kimanin wata 102. Babu shakka wannan ya fi sauri, amma ka lura cewa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da kake ƙarawa shi ne ya kawo sama da kashi 40 cikin 100 na lokacin da kake ragewa. Ƙaramin ƙari mai ɗorewa na shekaru yana aiki sosai. Babban ƙarin da ke tilasta wa mutum cin wani bashi bayan wata huɗu kuwa, ribarsa a takarda take tsayawa.

Dubi abin da ya faru da kai a watan jiya. A wata huɗu ka kai wa banki ƙarin 160,000, wanda ya rage maka ruwan kimanin 1,600 a kowane wata. Sai ga lalura ta zo, aljihu babu komai, ka ranci 120,000 da ke jawo maka ruwan 6,000 a kowane wata. Ka tsira da 1,600, kana biyan 6,000. Kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara ko da ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba, ninki biyar ke nan na ruwan gidanka. Wannan shi ne an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da a ce 160,000 ɗin nan suna ajiye a asusu, da ka biya asibiti har da saura, ba ka san ƙofar wancan kamfani ba.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne kuɗin da aka zuba a bashin gida ba sa dawowa hannu idan an buƙace su. A mafi yawan yarjejeniyoyi, ƙarin da ka yi a baya ba ya ɗauke maka biyan wata mai zuwa. Ko da ka yi shekara biyu kana ƙari, ranar da albashi ya tsaya banki zai nemi 110,109 ɗinsa a ranar da aka saba, kuma idan fashi ya yi yawa gidan ne jingina. Saboda haka abin da ke kare gidan iyalinka daga ƙwacewa shi ne ikon ci gaba da biya a watan da abubuwa suka dagule, kuma wannan ikon daga ajiya yake zuwa. Magidancin da ake bin sa miliyan 9.5 yana da tanadin wata uku a gefe ya fi zama cikin aminci a kan wanda ake bin sa miliyan 8.7 ba shi da ko sisi.

Tun kafin ƙarin ma, biyan gidanka ya cinye kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo maku. A Amurka masu ba da rancen gida sun daɗe suna amfani da ma'aunin cewa kada hidimar gida ta wuce kashi 28 cikin 100 na kuɗin shiga kafin a cire haraji, dukkan basussuka kuma kada su wuce kashi 36. Naka lissafin bayan haraji ne, don haka kana kusa da bakin iyaka, ba ka yi nisa da ita ba. Amma da ka ɗora 40,000, sai ya zama kashi 45 cikin 100 na kuɗin gidanku ke tafiya banki, mutum biyar kuma su rayu da 180,000, su ci, su sha, su biya makaranta da wuta da ruwa da sufuri da magani. A nan ne maganar uwargida ta samo asali.

Ina roƙon ka saurare ta da kunnen basira. Kai lambobi kake gani a takarda sau ɗaya a wata, ita kuwa kullum take ganin sakamakonsu: ita ke tsayawa gaban mai kaya tana mayar da abin da ta riga ta ɗauka domin kuɗin ba su kai ba, ita ce yaro ke nuna wa takalmin da ya matse masa ƙafa ta ce ya ƙara haƙuri zuwa wani watan. Na kuma ga ka rubuta cewa kuɗin da ke shigowa naka ne da nata, amma a wasiƙarka "na fara", "na rage" da "na daina" kawai na gani. Idan har ba ka shawarce ta ba kafin ka rage kuɗin cefane, to ɓacin ranta ya wuce batun kuɗi, domin an yanke hukunci a kan guminta da ɗawainiyarta ba tare da an tambaye ta ba. Ka same ta a lokacin da yara suka kwanta, ka ba ta haƙuri a kan wannan, sa'annan ka shimfiɗa mata takardar banki ka nuna mata abin da ya firgita ka. Mai yiwuwa ba ta taɓa sanin cewa daga kusan miliyan 4 da kuka biya, 435,000 ne kawai suka rage bashin ba. Idan ta gani za ta gane cewa tsoro ne ya kore ka, kai ma idan ka ji lissafinta za ka gane cewa ba almubazzaranci take nema ba.

Daga nan sai ku yi aikin da magidanta da yawa ke tsallakewa, wato ku rubuta duk abin da ya fita daga hannunku na tsawon wata biyu, komai ƙanƙantarsa, a littafi ɗaya ko a waya, ba tare da wani ya tuhumi wani ba. Kasafin da aka gina a kan zato ba ya kai tsakiyar wata. Abin da ya fi rusa kasafin masu biyan bashin gida ma shi ne hidimomin da ba sa zuwa kowane wata amma tabbas suna zuwa: kuɗin makaranta na zango, inshora, harajin gida inda ake biyan sa, tufafin yara, gyaran abin hawa, taimakon iyaye da dangi. Ku haɗa jimillarsu ta shekara, ku raba gida 12, ku riƙa ware wannan adadin duk wata a wani asusu dabam. Haka kuma gyaran gidan kansa. Lokacin da kuke haya, idan rufi ya yi yoyo mai gida ake kira, yanzu kuwa kai ne mai gidan. Masu ba da shawara kan harkar kuɗi sukan ce a ware kimanin kashi 1 cikin 100 na darajar gida a shekara domin gyare-gyare. Ko ba ku kai haka ba, kada layin ya zama babu komai, domin ƙaramin yoyon da aka bari shekara biyu yakan ci rufi da bango tare.

Game da 40,000 ɗin da za ka janye, ga yadda nake ganin ya dace, ko da yake littafin da za ku rubuta shi zai yanke hukuncin ƙarshe. Ka mayar da aƙalla 10,000 cikin cefane nan take. Sauran 30,000 ka tura su kan rancen 120,000 ɗin nan har ya mutu. Idan a kan abin da ya rage ake lissafa ruwansa, cikin wata biyar za ka rabu da shi. Ka duba ko suna karɓar biya kafin wa'adi, kuma idan akwai ɗan'uwa ko wurin aiki da zai ba ka rance marar ruwa ka rufe shi gaba ɗaya, kada kunya ta hana ka tambaya. Bayan ya mutu, waɗannan kuɗin su koma ajiyar ko-ta-kwana. Ana yawan ba da shawarar tanadin hidimar wata uku zuwa shida, har da biyan banki a ciki. Na san wannan adadi yana da nisa ga mai ware 30,000 a wata, don haka ku sa wa kanku matakin farko na wata ɗaya cikakke, wanda za ku iya kaiwa cikin shekara guda ko ƙasa da haka. Ku ajiye shi inda za a iya ciro shi cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ba a asusun da kuke cefane da shi ba, ku kuma yi yarjejeniya tun yanzu a kan abin da ya cancanci a taɓa shi: rashin lafiya, tsayawar albashi, gyaran da ba ya jira.

Ranar da ajiyar wata ɗaya ta cika, sai ka dawo da ƙarin 10,000 a kan bashin gida, sauran su ci gaba da gina ajiyar har ta kai wata uku. Idan aka ƙara maka albashi, ko wasu kuɗi suka shigo da ba a sa rai da su ba, ku raba su: wani kaso ga gida, wani ga ajiya, wani ga banki. Ta haka bashin zai riƙa raguwa da sauri ba tare da tukunya ta ji a jikinta ba. Akwai kuma abin da lokaci ke yi wa mai bashin da ruwansa ba ya canzawa: biyan watansa yana nan a 110,109, alhali albashi yakan ɗan ƙaru da shekaru, don haka nauyin da ya kai kashi ɗaya cikin uku a yau zai iya sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu nan gaba. Shekarun farko su ne mafi tsanani, kuma a cikinsu kake.

Kafin ka sake ƙara ko sisi, ka ɗauko takardar yarjejeniya ka karanta, ko ka je banki ka nemi amsa a rubuce. Ka tabbatar ƙarin da kake yi yana sauka a kan uwar kuɗi kai tsaye, domin wasu bankunan sukan riƙe shi a matsayin biyan wata mai zuwa idan ba a faɗa masu ba, wanda hakan ba ya rage ruwa yadda kake zato. Ka bincika inda 160,000 ɗinka suka shiga. Ka tambaya ko akwai tarar biya kafin wa'adi. A Ingila, alal misali, yawancin yarjejeniyoyin da aka tsayar da ruwansu na wasu shekaru suna barin mutum ya ƙara har kashi 10 cikin 100 na bashin a shekara, abin da ya haura haka sai da tara. Ka kuma tambaya ko ƙarin yana rage shekarun biya ne ko yana rage biyan wata, domin wasu bankunan suna ba da zaɓi. Rage shekaru ya fi rage ruwa, rage biyan wata kuma ya fi ba gida sarari.

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ko kashi 12 ɗin nan tsayayye ne har ƙarshe, ko yana bin kasuwa. Ba ka faɗa ba a wasiƙarka, kuma amsar tana canza abubuwa da yawa. Babban bankin Ingila ya ɗaga ruwansa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa kashi 5.25 a watan Agustan 2023, kuma magidantan da ruwan bashinsu ke bin kasuwa sun ga biyan watansu ya yi tsalle cikin ƙanƙanin lokaci. A naka bashin, idan ruwan ya tashi daga 12 zuwa 14, biyan wata zai koma kimanin 123,000, ƙarin kusan 13,000 ke nan da ba ka da ikon ƙin biya. Idan naka irin wannan ne, to buƙatar ajiya ta ƙara ƙarfi, kuma ya kamata kasafinku ya bar gurbin da zai iya ɗaukar irin wannan tashin. Idan kuma wata rana ruwan kasuwa ya sauka ƙasa da naka sosai, ka nemi a sake maka yarjejeniya ko ka mayar da bashin wani banki, bayan ka lissafa kuɗin takardu da tara ka ga ko riba ta rinjaye su.

Na san akwai masu karatu, wataƙila har da kai, waɗanda gaggawarsu ta fita daga bashi mai ruwa ta samo asali ne daga damuwar addini, kuma wannan damuwa ce da nake girmamawa. Hukuncinta na malamai ne, su ya kamata a tuntuɓa. Abin da zan iya cewa ta fuskar lissafi shi ne hanyar da ka bi ta kai ka ga wani rancen mai ruwa da ya ninka na farko sau biyar, don haka ko ta wannan fuskar ba ta biya buƙata ba. Idan akwai bankin da ke aiki da tsarin Musulunci a inda kake, kana iya tambayar ko za su karɓi cinikin. Sai dai ka san bambancin tsare-tsarensu. A murabaha banki ne ke sayen gida ya sayar maka a kan farashin da aka tsayar tun farko, saboda haka biya da wuri ba ya rage farashin da kansa, sai idan bankin ya yi rangwame. A musharaka mai raguwa kuwa kai da banki kuke tarayya a gidan, kana biyan hayar kason banki kana kuma sayen kason a hankali, don haka duk ƙarin da ka saya yana rage hayar da ke kanka.

Abu na ƙarshe da wasiƙarka ba ta taɓo ba, amma ya dace ka duba tun da domin iyali kake wannan fafutuka, shi ne makomar gidan idan ta Allah ta kasance a kanka ko rashin lafiya ya hana ka aiki. Rancen gida da yawa yana zuwa da inshorar rai ko takaful (wato inshora a tsarin Musulunci) da ke biyan ragowar bashin idan mai bashi ya rasu, kuma mai yiwuwa kana biyan kuɗinta ba ka sani ba. Ka tambayi banki ko naka yana da ita, me ta ƙunsa, kuma wa zai nema idan buƙata ta taso. Idan babu, ka nemi farashinta ka sa a kasafi kafin ka koma kan ƙarin biya. Sa'annan ka haɗa takardar yarjejeniya, jadawalin biya, takardun mallakar da ke hannunka da na inshorar a wuri ɗaya, ka nuna wa uwargida inda suke da ranar da ake cire kuɗin kowane wata. Idan kuma ka hango watan da biyan zai gagara, ka je banki kafin ranar ta zo, domin sun fi sauraron wanda ya zo da kansa ya nemi a sassauta masa jadawali a kan wanda sai da aka aika masa takardar gargaɗi.